Rijiya Ta Daina Yi wa Yaya Magana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba mu ji, kuma Shi ke karɓar abinsa ranar da ya ga dama. Sunana Sani, maginin rijiya ne ni a Dakoro, ɗan maginin rijiya. Ni ba marubuci ba ne, lakwal ɗina ma, wato karatun boko, bai yi nisa ba. Abin da ya zaunar da ni na rubuta wannan, tun da muka dawo daga Yamai da ɗan aparai ɗin nan na kunne, mai ƙara ji, mutane suka hana ni sakat. A kasuwa a tare ni, a masallaci a tare ni: "Sani, abin nan na yayanka shina yi kuwa? Tsohona ma kunnenshi ya yi nauyi." In na ce yana yi, na yi ƙarya. In na ce ba ya yi, na yi butulci. To ga labarin daga tushe, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Mu biyu babanmu ya bari, Yaya Lawali da ni, ya girme ni da shekara tara. Rijiyoyin ƙasarmu kun san su, zurfin gaba talatin, gaba arba'in, wata in ka leƙa ba ka ganin ruwa sai ɗan ƙyalli can ƙasa. Ni nake shiga ciki. Yaya shi ke tsaron baki. Ba jan igiya ne aikinsa ba, wannan akwai masu yi, da raƙumi. Aikinsa ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya, ya zura kai, ya kasa kunne. Rijiya ba ta ruftawa haka kawai. Kafin ta rufta, rairayi yakan fara zuba ta bayan siminti ko ta wata ƴar tsaga, da wani sauti siriri, kamar ana zuba gero a ƙwarya can nesa. Wanda ke ƙasa ba ya ji, don ƙarar digarsa da hakinsa sun cika masa kai. Na sama ne ke ji. A gidanmu muna cewa rijiya tana magana, kuma Yaya ne mai jin maganarta.

Ba kyauta aka ba shi wurin ba. Babanmu sai da ya gwada shi. Ya shiga ƙasa da ƙwarya cike da busasshen rairayi, yana ɗiba da hannu yana zubawa a jikin bango a hankali, sannan ya fito ya ce, "Sau nawa?" Yaya ya ce biyar. Baba ya ce huɗu ne. Yaya ya ce, "Biyar ne, Baba, na ƙarshe ɗan kaɗan, lokacin da ka karkaɗe hannunka." Ranar aka ba shi bakin rijiya. Ni da aka gwada ni na ce uku, ashe bakwai ne, shi ya sa aka tura ni ƙasa, kuma ban taɓa jin haushi ba. Shekara talatin ina sauka cikin ramin da ko kare ba zai yarda ya shiga ba, hankalina kwance, don na san wa ke sama. Sau uku ya taɓa kwatsa mini "Hito!" aka fizge ni, ƙasa ta rufe wurin da nake tsaye.

A farkon ranin bara muna yasar wata tsohuwar rijiya wajen Birnin Lalle. Ina ƙasa ina cika guga sai na ji ƙasa tana zubo mini a ƙeya. Na ɗaga kai ina jiran muryar Yaya. Shiru. Kafin in sake numfashi bango ya zame, ya binne ni har gwiwa. Na fizgi igiya da ƙarfina duka, aka ja ni, takalmina ɗaya na can har yau. Da na fito na tarar da Yaya zaune.

"Ba ta yi magana ba, Sani," in ji shi. "Wallahi ba ta yi ba."

Na ce ai akan yi haka. Da muke naɗe igiya, ɗaya daga cikin masu ja ya raɗa mini cewa shi daga inda yake tsaye ya ji zubar. Na daka masa tsawa na ce ya rufe mini baki, yaushe aka haife shi da zai koya wa Yaya ji. Amma maganar ta zauna mini a ciki.

Da muka koma gida, Habsu matar Yaya ta kira ni bakin murhu. Tsakanina da ita wasa ne kullum, ba ta ganina ba ta ce mini ɗan rami ba, ni kuma in ce mata tuwonta ya fi siminti tauri. Ranar ba ta yi wasa ba.

"Sani, zo ka ji. Wata uku ke nan yayanka ba shi jin kiran salla, ni ke taɓa shi. Radiyo sai ya ƙure ta har maƙwabta su ji. In na yi magana ya ce ina cin magana. Kuma kullum sai ya sa ni ɗaga tabarma wai akwai gyare cikin ɗaki. Babu gyare, Sani. Cikin kanshi abin yake."

Na ce, "To mi ya hana ki hwaɗi?"

Ta ce, "Ni in ce ma Malam ya kurmance? Kai da ke ƙanenshi ka iya?"

Ban iya ba. Abin da na iya shi ne na ce masa tun da na ga yana sosa kunne, ko mu nemi magani.

Sati uku na farko na dangi ne. Ai kun san mu, da an ji ciwo kowa lokotoro ne mai rubuta magani. Goggonmu ta zo da ruwan albasa. Wani ya ce man shanu mai ɗumi, ɗigo uku safe da yamma. Wanzami ya yi masa ƙaho a bayan kunne. Wani dattijo ya ce ai iskar rijiya ce ta mare shi, shekara talatin yana leƙa gidan mutane, dole wata rana su gaji. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ba ina yi wa kowa dariya ba ne, ni da kaina na je na karɓo rubutun, kuma duk wanda ya kawo shawara don ƙauna ya kawo. Amma gyaren nan bai fasa kuka ba, kuma Yaya ya fara zama nesa da mutane a majalisa, yana gyaɗa kai ga maganar da bai ji ba. Wata rana aka ce wane ya rasu, ya ce madalla. Kunya ta kusa kashe ni.

Sati na huɗu na lallaɓa shi muka je likitar garinmu, wato ɗan asibitinmu. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya haska kunnen da tocila, ya ce cike yake da datti da mai. Ya wanke, abin da ya fito sai da na kau da kai. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, bai yi mana faɗa ba, ya dai ce kada a ƙara ɗiga komai. Kwana biyu Yaya na cewa ya ji sauƙi, har Habsu ta yi sadakar waina. A na uku na tsaya bayansa na kira shi sau biyu bai waiwayo ba. Majo ya rubuta mana takarda zuwa Maradi.

A Maradi muka yi sammako muka karɓi tiken shiga layi, muka zauna kan benci tun safe har rana ta take. Ƙishirwa ta dame mu, na fita sayen ruwa. Kafin in dawo an kira sunan Yaya sau uku an wuce. Haba jama'a! Wurin da aka yi don masu ciwon kunne, a tsaya daga bakin ƙofa ana kiran suna da baki? Kowa a bencin nan bakin mai kiran yake kallo kamar mai jiran rabo. Na yi magana, aka ce sai gobe. Muka kwana gidan wani ɗan garinmu mai sayar da fata, washegari ban motsa daga gefensa ba.

Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai gilashi, aka sa masa abin ji a kunnuwa, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ina waje ina kallo. Da farko yana ɗagawa da sauri, har da ɗan murmushi. Can sai na ga lokotoro yana danna abu, yana ƙara dannawa, hannun Yaya na kan gwiwarsa. Yana zaune ya karkata kai, irin karkatawar da yake yi a bakin rijiya, yana jira. Wallahi ji na yi kamar in fasa gilashin in ɗaga masa hannun.

Lokotoron Bahaushe ne, mai magana a hankali. Ya nuna mana takarda da wani zane da ya gangara ƙasa. Maganarsa ta zauna mini daram har yau: "Jijiyar ce ta gaji, Baba. Sautuka sirara su ke fara tafiya. Abin da ya tafi ya tafi, abin da ya saura shi za mu ƙara wa ƙarfi."

Yaya ya ce, "Allura ce ko ƙwaya?"

Ya ce babu ko ɗaya, sai aparai, kuma irin wanda zai yi masa sai Yamai. Sannan ya tambaya, "Wace sana'a kake yi?"

Na buɗe baki ke nan sai na ji Yaya ya take mini ƙafa. "Noma," in ji shi.

Na gane dalilinsa. A bencin waje akwai mutanen Dakoro biyu. In magana ta fita cewa mai tsaron bakin rijiya ya kurmance, wa zai ƙara kiranmu? Ni kuwa ba a yi ni in ƙaryata yayana gaban baƙo ba. Na haɗiye maganata. Wannan haɗiyewar ita ce babban kuskurenmu, ya fi na man shanu, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi.

Da aka gaya mana kuɗin aparai sai da na nemi wurin zama. Muka sayar da raƙumin da ke ja mana igiya, wanda muka raina tun yana ɗan taguwa. Ranar kasuwa Yaya bai je ba, ni na kai shi, kuma dillali ya ga ido na ya san a matse nake. Abin da aka samu bai kai na kunne biyu ba. Lokotoro ya ce biyu sun fi, amma muka ce ɗaya ma Allah ya sa albarka.

Yini guda muka yi cikin kar, babbar motar fasinja, kafin mu kai Yamai. Mai sayar da aparai ɗin saurayi ne mai fara'a, Faransanci da Zabarmanci ne a bakinsa, Hausarsa tsinta-tsinta. Ya fito da abin cikin ɗan akwati. Na ce a raina, wannan ne raƙuminmu? Bai fi ƙwallon dabino ba. Shi wannan yana zama a bayan kunne. Daga jikinsa wata siririyar waya ta zagayo, a bakinta akwai ɗan lasifika sanye da hular roba, shi ake turawa cikin ramin kunne. Saurayin ya ce amfanin irin wannan ke nan, mai maganar yana ciki kusa da dodon kunne, kuma ba ya toshe kunne ruf. Ya haɗa shi da ordinater, wato kwamfuta, ya duba takardar Maradi, sannan ya tambayi Yaya me ya fi so ya riƙa ji.

Na kalli Yaya. Na roƙe shi da ido.

"Maganar mutane," in ji shi, "da karatun liman."

Saurayin ya daddanna, ya sa masa. Yaya ya zabura ya ce, "Mi ke ƙara haka?" Ashe fanka ce a sama. Na zagaya bayansa na ce a hankali, "Yaya." Ya waiwayo nan take. "Na'am," ya ce, irin amsawar da na yi wata biyar ban ji ba. Na ce raƙumi ya tafi da alheri.

An yi mana bayani da sauri: kada ruwa ya taɓa shi, a cire in za a yi alwala, a canza pil, wato ɗan batirinsa, in ya yi ƙara, akwai wata ƴar matata fara a bakin lasifikan da ake canzawa in ta toshe. Aka ba mu takarda da Faransanci, rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Na gyaɗa kai kamar na gane duka. Rabin abin a hanya ya zube.

Sati biyun farko a gida biki ne. Yaya ya koma majalisa, ya koma sahun gaba. Har ƙorafi ya fara, wai ashe haka duniya take da surutu, kaji, turmi, takalminsa ma ƙara yake. Habsu ta ce, "To yanzu sai in rage zaginka a ɓoye." Ya ce, "Na ji wannan ma." Muka yi dariya har da hawaye.

Amma abin nan ba don irinmu aka ƙera shi ba, wannan kam zan faɗa. In Yaya ya naɗa rawani ya rufe kunne, sai aparai ya kama fito, sai da ya koma naɗi sama-sama kamar baƙo. Sau biyar a yini sai an cire don alwala, a bari kunne ya bushe, a mayar. Hannunmu kuwa hannun diga ne, yatsu kamar itace. Hular robar nan ta faɗi cikin rairayin tsakar gida, Habsu ta ɗauko rariya ta tankaɗe wurin kaf kafin ta gan ta. Pil ɗin ba ya kai kwana goma, kuma duk Dakoro babu mai sayar da irinsa, sai mu ba direba saƙo zuwa Maradi. Gumi na bazara kuma ya sa kunnen ƙaiƙayi.

Ƙaiƙayin ne ya ja mana. Ina ƙauye wajen gyaran wata ƴar rijiyar lambu, Goggo ta zo gaisuwa ta ga yana sosawa. Ta ce bushewa ce, abin Nasara ya shanye masa man kunne. Ta ɗumama man shanu ta ɗiga masa. Wa zai ce wa Goggo a'a? Ita ta goye shi. Da la'asar ya mayar da aparai, kafin magariba ya mutu murus. Na dawo na tarar da Habsu ta shanya shi a rana kan faifai. Na canza pil, na canza matata, na hura, na girgiza. Ko motsi.

Na kira saurayin Yamai a wayar salula. Ya ce man ya shiga cikin lasifikan, ba ya gyaruwa, sai a sake waya da lasifika gaba ɗaya, kuma irin na Yaya ya ƙare, sai an kawo daga waje. Wani direban kar ɗan unguwarmu ya kai mana aparai ɗin Yamai kyauta, Allah ya tsare masa hanya. Habsu ta sayar da tunkiyarta don kuɗin gyaran ba tare da ta gaya wa kowa ba. Sati uku muna jira. Satin nan uku sun fi na farko muni, don wanda ya ɗanɗana ji aka sake ɗauke masa, ya san abin da ya rasa. Yaya ya daina fita. Goggo kuma ta zauna tana kuka tana cewa ita ta kurmantar da ɗanta, sai na koma ina rarrashinta alhali ni haushi nake ji. Ba wanda zan yi wa faɗa. Ba abin da zan iya yi sai kallon hanyar Maradi, inda motocin Yamai ke ɓullowa.

Kafin in faɗi yadda muka ƙare, ga abin da na ce zan bar wa masu tare ni a kasuwa. Kada ku ɗiga komai a kunne, ko wa ya kawo. Kada ku bar mai ciwon shi kaɗai a layin likita. Ku tambayi inda za ku samu pil da waya kafin ku sayar da dabbarku, ba bayan kun sayar ba. In an yi muku bayani da harshen da ba ku ji sosai, ku ce a maimaita, ba abin kunya ba ne. Sannan in lokotoro ya tambayi sana'ar mutum, ku faɗi gaskiya ko da an take muku ƙafa. Aparai yana taimako, na gani da idona. Amma ku tambaya tun farko, abin da mutum ya fi bukatar ji, yana cikin abin da ya saura ko yana cikin abin da ya tafi.

Aparai ya dawo ana saura wata guda damina ta faɗi. A satin ne maigarin wani ƙauye gaba da Bader Goula ya zo da kansa. Rijiyarsu guda ce, ta cike da ƙasa, ruwan ya koma laka. Mata na tafiyar rabin yini, makiyaya sun fara kwashe dabbobinsu. Ya ce babanmu ne ya gina ta, mu ya sani. Kafin in yi tari Yaya ya ce, "Mun karɓa." Ya taɓa bayan kunnensa yana murmushi. Ni kuma na bi bayansa, kamar yadda na saba.

Ranar farko ban sauka ƙasa sosai ba, na tsaya gyaran siminti a gaba goma na sama. Yaya ya kwanta a wurinsa. Da muka tashi shan fura na ga ransa a ɓace. Ya ce kukan jakai da ƙarar igiya a kan itace suna shiga masa har ƙwaƙwalwa. Amma da ya zura kai cikin rijiya, iska ta buso daga ƙasa, sai komai ya yi luf, kamar an rufe masa ƙofa. Kuma da kunne ɗaya ba ya gane ta wane gefe ƙara take fitowa.

Da la'asar na zagaya bayan wani garke na kira saurayin Yamai. A karon farko na gaya masa gaskiya duka: rijiya, rairayi, da wanda ke ƙasa. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, da Hausarsa ta tsinta-tsinta, aparai ɗin an yi shi ne ya danne iska da duk wani sauti mai shuuu, don magana ta fito fes, kuma haka Yaya ya nema. Ya ce in mun koma Yamai zai iya rage dannewar. Amma ya duba takardar Maradi, wurin da irin wannan sautin yake, kusan babu abin da ya saura a kunnen. "Da kun faɗa mini tun farko," in ji shi, "da na gaya muku kada ku dogara da shi a wannan aiki."

Na ce, "To yanzu in na shiga, ba mai ji ke nan?"

Ya ce, "Kada ka shiga."

Na juyo, sai ga Yaya tsaye da buta a hannu, taku kaɗan daga inda nake. Da can da bai ji komai ba. Yanzu kuwa maganar mutane ai ita aka gyara masa. Ya wuce ya yi alwala.

Washegari da hantsi, kafin mata su taru, ya kira masu jan igiya. Na gan shi tsugune yana cika ƙwarya da busasshen rairayi, yana tsince tsakuwa. Ya miƙo mini.

"Shiga."

"Yaya, mu bari mana sai..."

"Sani, ni ne babba ko kai? Shiga. Kuma kada ka tausaya mani. Yadda Baba ya yi."

Aka zura ni. Na tsaya a gaba ashirin, inda siminti ke da ƙarfi, na ɗaga kai. Can sama, cikin ɗan da'irar haske, ga kan Yaya a karkace. Na ɗebi rairayi na zuba a jikin bango a hankali. Na jira. Na sake. Na uku na cika hannu. Na huɗu na haɗa hannu biyu. Ina zubawa ina addu'a, ya Allah ko guda ɗaya, ko guda ɗaya ya ji. Na yi bakwai, na yi takwas. Daga ƙarshe na kifa ƙwaryar gaba ɗaya, rairayi ya kwarara yana shuuu har ƙasa, ƙarar ta cika rijiya.

Sai muryarsa ta sauko, ƙarfi-ƙarfi, irin wadda ta cece ni sau uku.

"Sani! Hwara zubawa mana, ina jira!"

Na daɗe a rataye kafin in ja igiya.

Da na fito bai tambaye ni sau nawa ba. Ƙwaryar ya kalla, ya ga babu komai a ciki. Masu jan igiya duk suka sunkuyar da kai. Ya tashi, ya karkaɗe gaban rigarsa, wurin da kwanciya a bakin rijiya ta koɗar. Maigari na tsaye gefe. Yaya ya je ya durƙusa gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri ka nemi wasu. Ni ban da kunnen da zan riƙe ran ƙanena da shi." Maigari ya ce to su yanzu ina za su sa kansu, damina ta ƙarato.

Yaya ya naɗe igiyar da kansa, gaba-gaba, yadda Baba ya koya mana, ya ɗora mini a kafaɗa. Muka kama hanyar da za mu tari mota, shi a gaba ni a baya. Na yi ta cije leɓe don kada ya sani. Na ma ja baya da taku goma, na rufe baki da gefen rawani.

Bai waiwayo ba. Ya dai rage tafiya har na cim masa.

"Bari kuka, Sani," in ji shi. "Wannan kam ina jin shi."